Mace Ba Haja Ba Ce: Shawarwari Goma ga Gidajen Tamaske da Kewaye

Duk wanda ya ratsa layin masu man shafawa a kasuwar Tamaske, ko ta Madawa, ko ta Buza, in ya tsaya ya ƙare wa kwalayen kallo, zai ga kusan fuska ɗaya ake ta maimaitawa. Mace ce fara sol, kafaɗa a waje, gashi ya sauko har gadon baya, leɓe yana ƙyalli. Ba ta da suna, ba ta da sana'a, ba ta cewa uffan. Ita ce a kwalin sabulu, ita ce a kwalbar turare, wani lokaci har a kalandar da mai kayan gyaran babur ya liƙa a bangon shagonsa, alhali babu abin da ya haɗa ta da taya ko baƙin mai. An ajiye ta ne kamar tsabar da ake watsa wa tsuntsu a bakin tarko.

Riba biyu mai talla yake ci da wannan hoto. Ta farko idon namiji, wanda zai tsaya ya duba har ya saya. Ta biyu, wadda ta fi tsoka, zuciyar macen da za ta dubi hoton ta dubi kanta, ta ji cewa da sauranta, ta kwance bakin zane ta biya don a cike mata giɓin da jiya ba ta san tana da shi ba.

A da sai an je kasuwa ko birni ake cin karo da irin wannan. Yanzu salular da maigida ya aiko daga Abijan ko Legas ta shigo da shi har ƙuryar ɗaka, ta WhatsApp da Facebook da TikTok. Ga shi kuma Adar ƙasar bida ce. Da an kai amfanin gona rumbu maza sun kama hanya, wasu sai damina, wasu sai shekara ta zagayo. Macen da mijinta ya yi watanni a birnin da ba ta taɓa gani ba, in aka ce mata, "Gyara kafin ya dawo, kin san irin matan da yake gani a can," maganar tana shigarta fiye da yadda za ta shigi wata. Shi ya sa nake ganin daga gida gyaran zai fara.

1. Ku koya wa yara tambaya ɗaya: me matar nan take yi a wurin?

Ba kowane hoton mace a talla ne abin ƙi ba. Ungozomar da ke bayanin gidan sauro, ko manomiyar da ke riƙe da albasar da ta noma, mutum ce da ke faɗin abin da ta sani. Wadda aka jingina da sabon babur tana murmushi kuwa, ado aka yi da ita. Hanyar ganewa mai sauƙi ce. Ku rufe matar da tafin hannu, ku dubi abin da ya rage. In bayanin kayan bai ragu da komai ba, to ba don kayan aka sa ta ba. Ku riƙa yin haka da yara, maza da mata, a gaban talabijin ko a kan waya, cikin hira ba cikin faɗa ba. Yaro ɗan shekara goma yana ganewa.

A Ingila, tun watan Yuni na 2019 hukumar da ke sa ido kan tallace-tallace ta hana tallan da ke cutar da mace ko namiji ta hanyar ɗaure kowa a matsayi ɗaya. Cikin waɗanda aka fara dakatarwa har da wani tallan motar Volkswagen, wanda ya nuna maza suna ayyukan bajinta har a sararin samaniya, mace kuwa tana zaune a gefen keken jariri. Mu babu mai tace mana abin da ke shigowa waya. Aikin ya faɗo kan uwa da uba.

2. Ku nuna wa ƴan mata yadda ake gyara hoto

Yarinya ƴar shekara goma sha uku ba ta san cewa matar kwalin ita ma ba haka take ba. An haska ta da fitilu, an goge ƙuraje da kwamfuta, an rage ƙugu, an ƙara wa fata haske. Maimakon dogon wa'azi, yayarta ta ɗauko waya, ta roƙi kaka ta bari a ɗauke ta hoto, sannan ta danna abin nan da ke sa fuska ta yi sumul ta yi fari. Za a sha dariya a tsakar gida, amma yarinyar ba za ta manta ba. Haka hotunan nan biyu da ake jerawa, na kafin shafawa da na bayan shafawa. Ku lura da kyau: a na farko mace tana cikin inuwa, fuska a murtuke, ba kwalliya, a na biyu tana cikin haske, tana dariya, da sabon ɗankwali. Faransa ta ga abin ya kai a yi masa doka. Daga 1 ga Oktoba 2017, duk hoton tallan da aka sauya surar jikin mai tallar da kwamfuta, dole a rubuta a jikinsa cewa gyararre ne.

3. Kada man bilicin ya shigo gidan, ko da tsaraba ce

A nan ne hoton kwali yake komawa ciwo a jikin mutum. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya nuna mata 77 cikin 100 a Najeriya suna amfani da kayan sauya launin fata, 59 a Togo, 27 a Senegal, 25 a Mali. Waɗannan ba ƙasashen nesa ba ne. Can ƴan bidarmu ke zuwa, daga can kaya ke shigo mana.

Ku juya kwalin ku karanta, ko ku ba ɗan lakwal ya karanta muku. Sunaye huɗu za ku nema, ga yadda ake rubuta su a jiki: hydroquinone, clobétasol, bétaméthasone, mercure. Na farkon, in an daɗe ana shafawa, yana barin baƙin tabo mai kauri a kumatu da goshi, wanda ba ya fita da sauƙi. Mace ta nemi fari ta ƙare da fuska kala biyu. Biyun tsakiya magunguna ne masu ƙarfi da likita ke rubutawa don ciwon fata na ƴan kwanaki. In aka mai da su man kullum, fata tana yin siriri har jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta tsattsaga cinya da damtse, ƙuraje da makero su samu wurin zama. Suna kuma ratsawa cikin jini su jawo hawan jini da ciwon suga. Rauni ba ya saurin warkewa, kuma ranar da haihuwa ta zo da gardama aka ce sai an yi aiki, fatar da ta lalace ba ta riƙe ɗinki yadda ya kamata. Na huɗun shi ne zaiba, mai lalata ƙoda, mai isa ga ɗan da ke ciki da wanda ke shan nono. Sau da yawa ma kwalin ba ya faɗin abin da ke cikinsa, balle haɗin da ake zubawa a robar da ba ta da rubutu. Duk man da ya yi alkawarin fari cikin kwana bakwai ko sati biyu, alkawarin kansa ya isa shaida a kansa.

A tuna da irin ranar Adar. Baƙin da ke fatarmu shi ke tare mana illarta. Macen da za ta je rijiya, ta je itace, ta wuni a garkar albasa, in ta kankare wannan kariya, da me za ta tari ranar watan Afrilu?

Kodebuwa ta haramta irin waɗannan mayuka tun 2015. Wanda ya sayo su a Abijan ya cusa a jaka, haramtaccen kaya ya ɗauko wa matarsa da sunan tsaraba. A farkon 2023, a wani taro a Kano, hukumar NAFDAC mai kula da abinci da magunguna a Najeriya ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa ga ƙasa baki ɗaya.

Wadda ta riga ta fara, kada a yi mata gori, don gori ba ya warkar da fata. In ta daɗe tana shafawa, kada ta yanke rana ɗaya. Ta je gidan likita da kwalin a hannunta a tsara mata yadda za ta janye. Fatar za ta yi duhu kafin ta daidaita, kuma a wannan tsakanin ne take bukatar mutanen gida su rufa mata baya. Man kaɗanya da sabulun salo sun isa. Jariri kuwa, don Allah kada a kusance shi da komai irin wannan. Launin da ya zo da shi nasa ne.

4. Maigida, da kai saurayi, ku kula da bakinku

Ba kamfani ne ya ƙirƙiro son farar mace a ƙasar Hausa ba. Tarar da shi ya yi, ya yi jari da shi. Mu ne muke cewa farar mace alkyabbar mata. Mu ne in an kawo amarya, kafin a tambayi halinta an tambayi fara ce ko baƙa. Mu ne muke kiran yarinya da sunan tsokana saboda ta fi ƴan ɗakinsu duhu, tana dariya a gabanmu, tana kuka a bayan ɗaki.

Maigidan da ya dawo daga bida, ya kishingiɗa yana kallon bidiyo, matarsa na gefe tana tankaɗe, ya ce, "Kin ga mata," ya yi aikin da allon talla goma ba su yi ba. Gobe za ta aiki yaro kasuwa. In kuwa ya buɗe baki ya ce, "Haka na gan ki na aure ki, ban yarda ki taɓa fatarki ba," ya rufe ƙofar da mai talla ke shigowa. Kunya ba ta hana faɗin wannan. A Suratun Nur, da maza aka fara umarnin runtse ido kafin a zo kan mata, amma mun fi son wa'azin rabin da bai shafe mu ba.

Masu haɗa akwatin aure, gwaggo da inna da yayyen ango, ku ma da ku nake. Man bilicin a cikin lefe saƙo ne ga amarya cewa ba a karɓe ta yadda take ba. A cire shi, a ƙara turmin atamfa.

5. Ku yi hattara da tallan da tsoro yake sayarwa

Ku saurari masu tallan kayan mata da maganin ƙiba a waya da kunnen basira. Kaɗan ne ke maganar lafiya. Abin da ake ji shi ne: mallaki mijinki, kori kishiya tun ba ta shigo ba, sai ya manta da kowa. An yanka mace gunduwa-gunduwa, wannan na ƙirji, wannan na ƙugu, wannan na gaba, kowace gunduwa da farashinta. Namijin ma ba a bar masa mutunci ba, an mai da shi abin da ake juyawa da garin magani. Abin da ke ƙona mini rai, a Kano da Kaduna da Abuja da sunanmu ake cinikin, ana cewa haɗin Nijar, gumbar Nijar, sai ka ce ba abin da matan ƙasar nan suka iya sai wannan.

Ban ce gyaran jiki na iyaye da kakanni laifi ba ne. Lalle, turaren wuta, gumbar geron da aka san abin da aka daka a ciki, tsimin da gwaggo ta dafa a gaban idonki, waɗannan daban suke. Abin gudu shi ne ƙulli marar suna daga hannun wadda ba ki sani ba, musamman wanda aka ce a cusa a gaba, don yana ƙona wurin, ya buɗe wa cuta hanya. Ƙwayoyin ƙibar da ake kira sha-ka-fashe kuwa, da yawansu maganin nan ne da ake rubutawa dexaméthasone, ko wani mai buɗe ciki da sa barci. Abin da na farkon ke kawowa kumburi ne, ba ƙiba ba: fuska ta yi fam, ciki ya turo, ƙafafu su tsotse, ƙashi ya yi rauni, suga da hawan jini da gyambon ciki su biyo baya. Yarinyar da ta rame, a fara tambaya tukuna ko tana ƙoshi, ko tsutsar ciki ce, ko jini ne ya yi ƙasa. Amsar tana gidan likita, ba a tiren mai yawo da magani a rana ba.

6. Ku dubi tiren da kuke ɗora wa ɗiyarku

Wannan ita ce shawarar da ta fi nauyi a bakina, domin a nan ba kamfani ba ne, mu ne.

Da la'asar sakaliya uwa ta kwashe ƙosai daga kasko, ta kira ɗiyarta ƴar shekara goma sha biyu. Ta sa ta wanka, ta rambaɗa mata kwalli, ta shafa mata hoda da jan baki, ta ɗaura mata zanen da aka yi mata na salla. Ta ɗora tire a kanta ta ce, "Ki bi ta tasha, ki biya fadar samarin nan, kuma kada ki dawo mini da kwantai." Yarinyar ta ce, "To, Inna." A bakin fada wani ya ɗaga murya: "Ƴan mata, zo mu gani. Nawa ne duka, har da mai tallar?" Aka yi shewa. Ta sunkuyar da kai ta yi murmushi, domin ta riga ta gane cewa in ba ta yi ba tiren ba zai ƙare ba, in bai ƙare ba kuma akwai bulala a gida.

Uwar nan ba muguwa ba ce. Maigida bai aiko ba, ga cefane, ga kayan ɗakin da ake tarawa kwano-kwano tun yarinya tana ƙarama. Amma lissafin da ta yi shi ne lissafin mai kwalin sabulu: ƙosai bai isa ya sayar da kansa ba, sai an haɗa da fuska. Kuma darasin da yarinyar ta ɗauka ya fi cinikin ranar daɗewa a jikinta.

Ban ce kowane gida zai iya barin talla gobe ba. Amma akwai iyakokin da ko gidan da ba shi da komai zai iya sawa. Kada talla ta ci lokacin lakwal ko na makarantar allo. Kada ta kai magariba. Yarinya ta fita da tsabta, ba da kwalliyar biki ba. Su tafi su biyu ko uku, kada ta shiga ɗakin kowa ko shagon da aka sakaya ƙofa, ko da an ce za a saye duka. In ta dawo da kuɗin da ya fi kayan da ta fita da su, kada a yi murna, a tambaya. In ta dawo da kwantai, kada a dake ta, domin dukan kwantai shi ke tura yarinya ta karɓi kuɗin da bai kamata ba. In ta ce wani ya taɓa ta ko ya faɗa mata maganar banza, a yarda da ita tun a karon farko, uba ko kawu ya taka ya je. Da ta fara zama budurwa kuwa, a sauke tiren. A kafa tebur a ƙofar gida inda ido ke kai, ko a ba wata dattijuwa ta sayar a raba riba.

Masu zaman fada, ku ma kuna da ƙanne. Ku sayi ƙosai ku biya kuɗin ƙosai.

7. Mai sana'a a waya, kayanki za ki ɗauka hoto, ba ɗiyarki ba

Mata da yawa yanzu daga ɗaka suke ciniki ta waya: atamfa, turaren wuta, tabarmin kaba irin na Madawa, ƙuli-ƙuli, gabu. Abin alheri ne ƙwarai. Sai dai akan ji ƙawa ta ce, "Sa wa ƴar autarki rigar ki ɗauke ta, an fi tsayawa in an ga fuska." An fi tsayawa kam, amma ba duk mai tsayawa ne mai saye ba. Hoton da ya bar wayarki ya bar hannunki. Ana iya ɗauke shi a liƙa a tallan man bilicin, ko na kayan mata, ko a shafin haɗa aure na ƴan damfara, a garin da ba ki taɓa jin sunansa ba.

Shimfiɗa atamfar a tabarma mai tsabta da hantsi, ki ɗauki zanen daga kusa, ki rubuta farashi da yawan yadi. Mai son saye abin da take nema ke nan. In dole sai an ga yadda ɗinki ya zauna, a rataye shi, ko babbar mace ta sa, wadda ta yarda da bakinta kuma ta san inda hoton zai je. Haka hotunan biki: mai ɗaukar hoto da mai kwalliyar amarya ba su da hurumin tallata sana'arsu da fuskar amaryarku sai da izininta, kuma tun ranar ciniki ake faɗa musu. In hoto ya riga ya fita aka yi abin banza da shi, kada a rufe yarinya da duka. A adana shaida a kai ƙara wurin jandarma ko ƴan sanda. Dokar yaƙi da laifukan intanet da Nijar ta kafa a 2019 ta tanadi hukunci kan yaɗa abin da ke taɓa mutuncin ɗan Adam.

8. Ku yi lissafin abin da ake kashewa

A ce jika biyu ke tafiya a wata kan man bilicin da sabulunsa da ƙwayar ƙiba. A shekara jika ashirin da huɗu ke nan, ban da kuɗin likita da zai biyo baya. Uwargida ta zauna da ɗiyarta su ƙirga da bakinsu, sannan su ƙirga abin da kuɗin zai yi a zubin asusu. Tsarin Mata Masu Dubara, wanda aka fara a jihar Maraɗi a 1991 tare da ƙungiyar CARE, da ƴan kuɗin da ba su kai haka ba mata suka fara shi, ga shi yau ana koyi da shi a ƙasashe da dama.

9. Ku ba yara wasu matan da za su kalla

Hana kallo kaɗai ba ya isa, kuma ni ban yarda maganin abin shi ne a shafe mace daga kowane hoto ba. A 2021 Hisbar Kano ta hana amfani da mutum-mutumin nuna tufafi a shagunan ɗinki da kantuna. Ko me mutum zai ce a kan wannan mataki, bai hana masu tallan kayan mata yin bidiyo ba, bai kuma sauke tire daga kan ƴan mata masu talla ba. Damuwar ba ganin mace ba ce, a wane matsayi aka nuna ta.

Mu kuwa ba sai mun je aro ba. Lokacin da aka fara Furojen Keita a 1984, da tallafin Italiya da hukumar FAO, a tsakiyar farin da ya kori maza bida, mata ne suka fi yawa a filin aiki. Su suka ɗauki duwatsu a ka suka jera a gangaren tsaunuka don tare ruwa, su suka haƙa ramuka a ƙasar da ta ƙeƙashe, suka dasa miliyoyin itatuwa, ana biyansu da abinci. Fako ya koma gona a hannunsu. Da yawansu suna nan da rai, a Tamaske da Keita da ƙauyukan da ke tsakani, suna zaune a tsakar gida ana wuce su. Ku sa jikokinsu su zauna su tambaye su yadda aka yi. Ku ɗauke su hoto, da yardarsu, ku rataye a ɗaki.

Ku ba su labarin Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, wadda ta tsara Ƴan Taru tana tura jajinta, wato malamai mata, ƙauye-ƙauye suna karantar da mata. Mahaifinta Shehu Usmanu a Maratta aka haife shi, nan kusa da Galmi. Ku ba su na Sarauniyar Lugu da ta tari sojojin Faransa a 1899. Ku nuna musu malamar lakwal, da ungozomar gidan likita, da matar da ke sarin albasa buhu-buhu a fadamar Tarka. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ake tunawa da ita don launin fatarta.

10. Ku yi magana, ana ji

Kada a ce mu su wa da za mu ja da kamfani. A 2012 aka cika titunan Dakar da allunan wani man bilicin mai suna Khess Petch, mai alkawarin fari cikin kwana 15. Ƴan ƙasar suka tashi da nasu gangamin, suka kafa allunan da ke nuna kyawun baƙar mace. A 2017 tallan wani man Nivea da aka nuna a Najeriya da Gana da Kamaru da Senegal, inda fatar mace ke yin haske tana shafawa, ya sha suka mai zafi. A watan Oktoba na shekarar, Dove ya nemi gafara kan tallan da baƙar mace ta tuɓe riga sai farar mace ta bayyana. A 2020 kamfanin Unilever ya sauya sunan man Fair & Lovely, wanda ya shekara da shekaru yana gaya wa ƴan matan Indiya cewa aiki da aure na mai haske ne. Sauya suna bai sauya komai da komai ba, amma ya nuna suna tsoron bakin masu saye.

Namu ma ya fi sauƙi, domin mai sayarwar ɗan'uwa ne. Mutanen Tamaske ƴan kasuwa ne, su ke zuwa sari Kano da Yamai da Lome, su ke zaɓen abin da zai hau mota. Alhaji mai kanti, abin da ba za ka yarda matarka ta shafa ba, kada ka saro wa matan wasu. In rediyon gari ya sa tallan maganin da ke alkawarin mallakar miji ko sauya fata, ku kira ku ce ba ku so. In an turo irin bidiyon nan a zauren WhatsApp na dangi, kada ku tura gaba, ku gaya wa wanda ya turo dalili. Mata, ku kai maganar taron asusu na satin nan. Maza, ku kai ta ga liman kafin Juma'a. Wanda kuma ke da ɗa ko miji ko ƙane a bida, ya kira shi tun bai fara sayen tsaraba ba, ya gaya masa abin da ba a so ya kawo.